BAYAN AN YI AIKIN MAMA: KADA MU BARI 'YAR UWARMU TA DAINA KOMAWA ASIBITI



Iyayena, yayyena da ƙannena na ɓangaren mata, shugabannin mata na ƙananan hukumomi da na mazaɓu, barkanmu da warhaka. Ya gida, ya yara, ya kuma fama da tsadar rayuwa? Allah Ya ba mu wucewa lafiya.

Saƙon yau ba na taro ba ne kuma ba na anko ba. Yana da ɗan tsawo, ku yi haƙuri da ni. Wadda take cikin hidima ta ajiye shi sai dare. Wadda ba ta karatun boko, don Allah 'yarta ko maƙwabciyarta ta karanta mata.

Wasunku za su tuna wata 'yar uwarmu da aka cire wa mama ɗaya shekara huɗu da suka wuce saboda sankara. Ba zan ambaci sunanta ba. Mun yi karo-karo, mun cika asibiti da kuloli, da aka sallame ta muka je barka har da guɗa. Ta yi kemo ta gama. Likita ya rubuta mata ranakun dawowa. Ta je sau biyu, daga nan ta daina. Kuɗin mota ya yi tsada, maigida ya ce ai kin warke, ita ma ta gaji da warin asibiti. Kwanaki na je gidanta na tarar an gano ciwon a ɗaya maman, kuma har ya yi girma. Yanzu ta koma layin magani daga farko. Da na tambaye ta ko ta taɓa yin hoton ɗaya ɓangaren tun bayan aikin, sai ta ce mini: "Shugaba, ni na ɗauka tunda an yanke, shi ke nan."

Wallahi maganar nan ta hana ni barci. Laifin ba nata ba ne ita kaɗai. Mu ma muna ciki, don ranar tiyata muka sani. Abin da ke biyo baya na shekara da shekaru babu wadda ta sake tambayarta.

A cikin makon kuma wata Hajiyarmu da ta je waje aka yi mata aiki, aka sake gina mata maman da aka cire, ta kira ni tana tambaya: ita da aka yi wa sabon mama, za ta ci gaba da yin hoto? Wai an ce mata na'urar za ta fasa abin da aka sa mata. Kun ga mata biyu, ɗaya mai hali ɗaya marar hali, amma duhun kan iri ɗaya ne. Shi ya sa na zauna da likitoci mata da ke cikinmu, na yi ta tambaya har na gane, na ce bari in kawo muku.

Ra'ayina a taƙaice shi ne: komawa asibiti bayan aiki rabin magani ne, kuma ya kamata ɓangaren mata ya ɗauke shi a matsayin aikinsa.

*Girman matsalar*

Sankarar mama ita ce cutar dajin da ta fi kama mata a Najeriya. Ƙiyasin cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2022 ya nuna mata sama da 32,000 suka kamu a ƙasar nan cikin shekara ɗaya, sama da 16,000 kuma suka rasu. Ku duba da kyau, kusan rabi ke nan. Babban dalili shi ne yawancinmu ba ma zuwa asibiti sai ciwo ya ci jiki. An sha jiƙo, an shafa, an yi hayaƙi, an ce jifa ne, sai ya fashe sannan a nemi likita. Dalili na biyu shi ne wanda na ba ku labari: a fara magani a yanke a tsakiya, ko a gama a ƙi komawa.

*Hoto iri uku*

Akwai mamogiram. Hoton mama ne da ake ɗauka da na'ura mai faranti biyu, a ɗora mama a danna na 'yan daƙiƙoƙi. Yana iya ganin ciwo tun bai kai hannu ya ji shi ba. Akwai ɗan zafi, amma wadda ta san naƙuda ba za ta kira wannan zafi ba.

Akwai sikanin, irin dai wanda muka sani a awon ciki, a shafa ruwa mai yauƙi a bi da na'ura. Shi ke bambance ƙullutu mai ruwa da mai tauri, kuma yana taimakawa sosai ga mata masu ƙuruciya da naman mamansu yake da kauri.

Akwai em-ar-ai, babbar na'urar da ake shigar da mutum ciki a kwance. Tana da tsada, kuma ba kowa ke buƙatarta ba sai wadda likita ya tura.

Ku riƙe wannan: hoto yana nuna akwai wani abu ne. Tabbatar da ko sankara ce sai an ɗebi ɗan nama da allura an kai ɗakin gwaji. Maganar da ake yaɗawa cewa in ƙarfe ya taɓa ciwon zai bazu, ita ke hana mata da yawa yarda. Wannan allurar ba ta watsa ciwo. Jinkiri ne ke ba shi damar bazuwa.

*Wane aiki aka yi miki?*

Irin hoton da za ki riƙa yi ya danganta da irin aikin da aka yi.

1. In ƙullutun kawai aka cire aka bar maman, yawanci ana bi da gashi. Ke za ki ci gaba da mamogiram a duka biyun. Na farko akan yi shi tsakanin wata 6 zuwa shekara ɗaya bayan gama gashin, daga nan duk shekara.

2. In an cire maman gaba ɗaya ba a sake ginawa ba, babu abin da za a sa a na'ura a wannan gefen. Likita zai riƙa duba tabon, fatar ƙirji, hammata da gindin wuya da hannu. Ɗaya maman kuwa mamogiram duk shekara, ba fashi. Nan ne 'yar uwarmu ta yi tuntuɓe. Macen da ta taɓa yin ciwon a gefe ɗaya ta fi sauran mata haɗarin samunsa a ɗaya gefen.

3. In an cire an sake ginawa. Hanya biyu ake bi: ko a sa wata jaka mai silikon ko ruwan gishiri a ƙarƙashin fata, ko a ɗebo nama da kitse daga jikinki, galibi daga mara ko baya, a gina da shi. A nan ma, tunda an kwashe naman maman na asali, yawanci ba a yi wa gefen da aka gina mamogiram na duk shekara. Idan ciwon zai dawo a wurin, ya fi fitowa a fata, a kan tabo ko dab da ƙarƙashin fata, inda hannu ke iya ji. Shi ya sa duban likita da naki duban suke da muhimmanci. In an ji wani abu, a yi sikanin, in ta kama a yi em-ar-ai ko a ɗebi nama. Ɗaya maman kuma yana nan a kan mamogiram ɗinsa na shekara.

Ga wadda aka gina wa da naman jikinta: wani lokaci kitsen yakan daskare ya yi tauri kamar ƙullutu. Sau da yawa ba sankara ba ce. Amma ke ba za ki iya bambancewa da yatsa ba, don haka kada ki firgita, kada kuma ki yi shiru. Ki je a duba.

Ga wadda aka sa wa silikon: abin ba na har abada ba ne, yana iya tsagewa a ciki ba ki ji komai ba. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta ba da shawara a 2020 cewa a duba shi da sikanin ko em-ar-ai bayan shekara 5 zuwa 6 da sa shi, sannan duk bayan shekara 2 zuwa 3. Wannan duban lafiyar jakar ne, daban yake da neman ciwo. In gefen ya kumbura kwatsam, ko ya yi tauri, ko ya sauya siffa, ko da bayan shekaru ne, ki je asibiti.

Amsar Hajiya kuwa: in akwai silikon a maman da za a yi wa mamogiram, ki faɗa wa mai ɗaukar hoton tun kafin a fara. Suna da dabarar tura jakar baya su jawo naman gaba. Fashewa abu ne da ba kasafai yake faruwa ba. Kuma sake gina mama ba ya dawo da ciwon, kamar yadda ba ya zama katanga da shi.

*Sau nawa za a koma?*

Tsarin da likitoci suka fi bi shi ne: shekara 3 na farko duk bayan wata 3 zuwa 6, shekara ta 4 da ta 5 duk bayan wata 6 zuwa 12, daga nan sau ɗaya a shekara. Likitanki na iya sauya wannan gwargwadon yanayinki, kuma nasa za ki bi. An matse ranakun a farko ne don a shekarun farko ciwon ya fi yawan dawowa, amma akwai irin da kan dawo bayan shekara 10, shi ya sa ba a cewa an gama.

Kada ki jira ranar da aka rubuta in kin ga ɗaya daga cikin waɗannan:
- sabon ƙullutu a mama, a tabo, a hammata ko gindin wuya
- fata ta yi ja, ko ta yi kamar ɓawon lemo, ko gyambon da ya ƙi warkewa
- kan mama ya shige ciki, ko yana fitar da jini
- hannun gefen da aka yi aikin ya kumbura
- ciwon ƙashi ko baya da ya ƙi tafiya, tari mai daɗewa, numfashi da kyar, ciwon kai mai tsanani, ko rama ba dalili

Wadda aka ɗora a kan ƙwayar tamoksifen, ana shanta ne shekara 5, wasu har 10. Kada ki ajiye don kin ji sauƙi. In tana wahalar da ke ki faɗa wa likita, akwai abin da za a yi. In kin ga jinin da ba na al'ada ba, musamman bayan al'ada ta ɗauke, ki kai rahoto da wuri.

Ranar mamogiram kada ki shafa hoda, mai ko turaren hammata, don suna iya fitowa a hoton su rikita mai karantawa. Ki tafi da tsofaffin hotunanki, da su ake kwatanta sabon. Ki nemi jaka guda ki zuba komai: kati, sakamakon gwajin nama, takardar aiki, sunayen magunguna. Masu zuwa Masar ko Indiya, kada ku baro asibiti sai da cikakken rahoto da katin abin da aka sa muku, kuma kuna dawowa ku buɗe fayil a asibitin koyarwa mafi kusa. Likitan da ya yi aikin yana can bayan teku, bibiyar a nan gida za a yi ta.

*Abin da na san za a ce*

Wata za ta ce: Shugaba, sake gina mama ai na masu kuɗi ne, mu ina ruwanmu? Gaskiya ne yawancin matanmu ba sa samu. Da yawa da ƙyalle ko soso suke cike rigar mama, kuma wannan ba abin kunya ba ne. Amma na kawo maganar ne saboda tsoron yanka shi ke korar mata daga asibiti zuwa wajen masu jiƙo. In mace ta san ana iya gyara, kuma ba dole sai ranar aikin ba, ana iya yi ko bayan shekaru, zuciyarta za ta fi natsuwa ta yarda a cire ciwon. Kuma ƙa'idar komawa asibiti ɗaya ce ga wadda aka gina wa da wadda ba a gina wa ba.

Wata za ta ce: wannan ba canza halitta ba ne? Tun a Islamiyya muka karanta labarin sahabi Arfaja, wanda aka yanke wa hanci a yaƙi, ya sa na azurfa ya yi wari, Manzon Allah (SAW) ya umarce shi ya sa na zinare. Daga nan malamai suka bambance gyaran lahani da aikin ƙawa. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na 2007 a Malesiya, ta halatta sake gina maman da aka cire. Wadda zuciyarta ba ta kwanta ba ta tambayi malaminta.

Wata za ta ce: kunya, namiji zai gan ni. Ki nemi mace, wurare da yawa mata ke ɗaukar hoton. In babu, ki shiga da 'yar rakiya. Lalura ce, kuma mun san hukuncin lalura. Na ga matan da kunya ta kai su ƙasa suka bar marayu.

Wata kuma za ta ce: me ya haɗa wannan da jam'iyya? Ni kuwa na ce, wa ke sayen na'ura? Wa ke sa hannu a kasafin kuɗi? Mu ne ke tsayawa a layi tun asuba ranar zaɓe, da goyo da rana. In har za mu iya cika fili don wani ya hau kujera, muna da bakin tambayarsa inda mace za ta yi mamogiram ba sai ta kwana a hanya ba. Ni kaina na taɓa raka wata muka yi tafiyar awa uku, muka isa aka ce na'ura ta lalace, a dawo wani watan. Kuɗin motar da ta ranto ya tafi a banza. Irin wannan macen in ba ta koma ba, da wane baki za mu zarge ta?

*Abin da za mu nema daga shugabanninmu*

Ba sabon abu muke roƙo ba, akwai tubalin da aka riga aka aza. Dokar lafiya ta 2014 ta ware kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Tarayya don kiwon lafiya a matakin farko. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta inshora ga kowa, ta kuma tanadi asusun marasa galihu. A 2021 Gwamnatin Tarayya ta fara asusun tallafa wa masu cutar daji marasa ƙarfi, sankarar mama na ciki, kuma asibitin koyarwa na Shika a Zariya, na Gombe da Babban Asibitin Ƙasa na Abuja suna cikin waɗanda aka fara da su. Matanmu nawa suka san da wannan?

Don haka duk inda muka samu zama da ɗan majalisa, kwamishina ko ciyaman, ko namu ne ko ba namu ba, mu sa masa abu uku a gaba:

1. Na'urar mamogiram mai aiki a ƙalla ɗaya a kowace shiyyar sanata, da ma'aikatan da aka horar, da kuɗin gyara a cikin kasafi. Sayen na'ura a yanka kirtani a ɗauki hoto ba shi ne aiki ba, in bayan wata shida za a rufe ta da leda.

2. Inshorar lafiya ta jiha ta ɗauki nauyin mamogiram na shekara da ganin likita ga duk macen da aka yi wa aikin sankarar mama.

3. A koya wa ma'aikatan asibitocin mazaɓu duban mama da hannu, da tura mace gaba ba tare da ɓata lokaci ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa mizani cewa daga ranar da mace ta kai kuka zuwa ranar da za a tabbatar da ciwonta kada a wuce kwana 60.

*Abin da za mu yi da kanmu*

Wannan ba sai mun jira kowa ba.

Kowace shugabar mata ta mazaɓa ta san waɗanda aka yi wa aiki a yankinta, cikin sirri kuma da yardarsu. A haɗa kowace da mace ɗaya amintacciya da za ta riƙe ranar komawarta, ta kira ta, in da hali ta raka ta.

A buɗe ɗan asusun kuɗin mota a kowace mazaɓa. Mun iya adashi, mun iya haɗa kuɗin anko cikin kwana uku. Ko abin da muke kashewa a lemo da ruwa na taro guda ya isa ya kai mace asibiti ya dawo da ita.

Ba a tambayar katin jam'iyya kafin a taimaka. Ciwo bai san tuta ba.

Ba a ɗaukar hoton marar lafiya a sa a Facebook ko a gurup don a ce mun yi aiki. Duk wadda na ga ta yi haka za mu ɓata. Mutuncinta ya fi tallanmu.

Mu gyara harshe. Gorin "mai mama ɗaya" tsakanin kishiyoyi ko dangin miji yana cikin abin da ke sa mata ɓoye ciwo. In kin ji ana yi ki tsawatar, ko da 'yar ɗakinku ce.

Ku kuma karanta wa mazajenku wannan, cikin ladabi. Maigida, in likita ya ce ta dawo, ba almubazzaranci ba ne. Kuɗin hoton shekara ɗaya bai kai kuɗin zagaye ɗaya na kemo ba, balle a zo ga rainon marayu.

Ke kuma da ba a taɓa yi miki aiki ba, ki san jikinki. Sau ɗaya a wata, bayan kin yi wankan tsarki, ki duba a madubi ki taɓa har hammata. In kin kai 40 ki tambayi likita batun mamogiram. In mahaifiyarki, 'yar uwarki ko 'yarki ta taɓa yi, ki faɗa masa tun kafin ki kai wannan shekarun. Yawancin ƙullutu ba sankara ba ne, amma kowanne sai an duba.

Watan Oktoba ne watan wayar da kai kan wannan ciwo a duniya, ana ɗaura ƙyalle ruwan hoda a yi tattaki. Ba na hana tattaki. Ni dai abin da nake so in ji a taronmu na gaba shi ne kowace mazaɓa ta tashi ta ce: mata kaza muke bibiya, kaza sun je ranarsu, kaza muna nemansu. Shugabannin ƙananan hukumomi, ina jiran adadin daga gare ku, ba sunaye ba.

'Yar uwarmu da na fara da labarinta ita ta ba ni izinin faɗa. Ta ce in dai zai hana wata faɗawa inda ta faɗa, in faɗa. Ku sa ta a addu'a.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya kare mu da zuriyarmu. Don Allah ku tura wa sauran mata.

Taku har kullum,
Shugabar Mata